Kwaɗon Ƙofa Ba Ya Tsare Tarihi: A Buɗe Wa Matasan Bauchi Tsofaffin Gine-ginenmu



Maganar yau ba za ta yi wa wasu daga cikin iyayenmu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu mutanen Bauchi mun ƙware wajen yabon tarihinmu da baki, mun kuma ƙware wajen kashe shi da hannu. Hanya biyu muke bi. Ko dai mu garƙame tsohon gini da kwaɗo, mu ajiye maigadi a bakin ƙofa, mu ce mun adana. Ko kuma mu rushe shi, mu zuba siminti da fenti, mu ce mun gyara. Duka biyun jana'iza ce. Bambancin kawai shi ne ɗaya gara da ruwan sama ke yin ta a hankali, ɗaya kuma katafila ke gama ta da yini guda.

Wanda yake ganin na yi zafi, ya tare ɗan sakandare a Wunti ko a Yalwa ya tambaye shi: ina ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye garin nan da ita bayan ya kafa shi a 1809? Ta ina ta bi? Yaron ya san Ƙofar Wunti, ya san Ƙofar Ran, ya san Ƙofar Wambai da ta Nassarawa da ta Jahun da ta Dumi. Amma a wurinsa waɗannan sunayen wuraren da ake sauka daga Keke Napep ne. Bai san cewa a da ƙofofi ne na gaske, masu ƙyaure da masu tsaro, waɗanda ake rufewa idan dare ya yi ba. Sir Abubakar Tafawa Balewa kuwa, da yawa a jikin takardar naira 5 suka san fuskarsa, ita ma takardar yanzu ko alewa da ƙyar take saye.

Ba laifin yaran ba ne. Shekara 13 aka yi an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu a ƙasar nan, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. Mu kuma a gida me muka yi? Mun kai su gidan tarihi sau ɗaya a shekara, a jere kamar masu karɓar rigakafi, an daka musu tsawa kada su taɓa komai, an karanta musu shekaru da sunaye, an ɗauki hoto, an koma mota. Wa zai so tarihi da wannan?

Abin da nake kira a yi shi ne a buɗe wasu daga cikin tsofaffin gine-ginenmu, a bar matasanmu su shirya wasannin ilimi a cikinsu, irin waɗanda mutum ke shiga labari da ƙafarsa, ba a karanta masa shi daga nesa ba.

Mene ne wannan wasan?

Akwai wani wasa da ya bazu a duniya, wanda za mu iya kira wasan nemo mafita. Ana shigar da mutum kamar huɗu zuwa shida cikin ɗaki, a ba su labari, a ba su minti 60. A cikin ɗakin an ɓoye alamu: wasiƙa a ƙarƙashin tabarma, lambobi a jikin akwati, mabuɗi a inda ba a zata ba. Kowace amsa tana kai su ga tambaya ta gaba, har su warware ƙullin ƙarshe kafin lokaci ya cika. Akwai mai kula da wasa da ke kallonsu, yana ba su ɗan haske idan suka cije. Ba caca ba ce, ba a cin kuɗin kowa, kaifin ƙwaƙwalwa da haɗin kai kawai ake gwadawa.

A Kiyoto ta ƙasar Japan wani mai suna Takao Kato ya fara shirya shi a 2007. A 2011 aka buɗe ParaPark a Budafes ta ƙasar Hungari, daga nan ya cika Turai. Abin lura shi ne tsofaffin gine-gine suka fi dacewa da shi. A Budafes, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na tsofaffin gidaje da ba a amfani da su aka fara da su. A Ingila, tsohon kurkukun Shurusberi da aka rufe a 2013 yau baƙi ke shigarsa da tikiti, ana zagayawa da su, ana kuma yin wannan wasa a cikin ɗakunan fursunoni na ainihi. A Filadelfiya ta Amurka, wani tsohon kurkuku da aka buɗe a 1829 ya zama kango bayan an daina amfani da shi, kuma kuɗin wasannin da ake shiryawa a cikinsa duk shekara na daga cikin abin da ake gyara rufinsa da shi. Su sun gane abin da mu muka ƙi ganewa: ginin da ƙafa ba ta shiga, shi ke fara faɗuwa.

Na san amsar farko da za a ba ni: wannan al'adar Turawa ce, mu ba mu gada ba.

To, wa ya koya mana kacici-kacici? Wa ya kawo mana tatsuniya, inda kaka ke tsayawa a tsakiyar labari ta tambayi jikoki yadda Gizo zai fita daga tarkon da ya shiga? Tashe fa, da yara ke yi daga goma ga azumi, suna shiga rigar wani, suna kwaikwayon malami da maharbi da gwauro, ana dariya ana ɗaukar darasi? Hawan sallah kansa mene ne, in ba tarihi da ake sake nunawa a kan dawakai ba, da lifidi da kwalkwali da tambari, kowane hakimi a inda kakansa ya tsaya? Ba wanda ya taɓa cewa hawan sallah raina tarihi ne. Ko gidan Bahaushe kansa, mai ginin ya tsara shi ne yadda baƙo ba zai ga ciki kai tsaye ba: ka shiga zaure, ƙofa ta biyu ba ta kallon ta farko, ka karkata zuwa shigifa, ka sake karkata. Kakanninmu sun san yadda ake jan mutum daga ɗaki zuwa ɗaki tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro wasan a Japan.

Hujja mafi ƙarfi kuwa tana nan cikin garin nan. Duk wanda ya taɓa shiga hubbaren Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buɗe a 1979, ya san ba a kai mutum gaban kabarin kai tsaye. Sai ka bi ta wani lungu mai duhu, kana lalube, ɗan haske na ratsowa ta sama, sannan ka fito fili. Masu zagayawa da baƙi suna bayanin cewa duhun zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yancin kai na 1960. Wurin da kabarin yake babu rufi, sararin sama ne a kanka, bangon kuma launi-launi, alamar ƙabilun ƙasar nan. Wanda ya tsara wurin bai tsaya ga allon rubutu ba. Ya sa ƙafarka da idonka sun ji labarin kafin kunnenka ya ji. Yau sama da shekara 40 ke nan muna da irin wannan tsari a Bauchi, muna kai manyan baƙi suna yabawa. Ta yaya abin da muke alfahari da shi zai koma baƙon abu don kawai matasa sun ce za su ɗora a kai?

Me muke da shi a hannu?

Muna da abin da wasu jihohi za su yi kishi a kai. A Kafin Madaki, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa, akwai gidan Madakin Bauchi da Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina wajen 1860, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu. Shi ne maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 aka sa gidan cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kafin Nijeriya ta sami 'yanci. Tubali ne da azara da bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti, ga shi ya haura shekara 160. Mutum nawa cikin masu karanta wannan rubutu suka taɓa taka ƙafa can? Muna da sauran guntayen ganuwa da wuraren ƙofofi. Muna da tsofaffin zaurukan gidajen sarauta da na malamai a cikin gari. Muna da gine-ginen zamanin En'e da na tashar jirgin ƙasa. Muna da Inkil da Tirwun, masu alaƙa da farkon labarin Malam Yakubu.

Ku ɗauki misali ɗaya. A ce an shigar da ɗalibai shida cikin wani tsohon zaure, an ce musu: ku fatake ne, kun iso bakin Ƙofar Wunti da jakuna da kaya, rana ta yi gora, ana gab da rufe ƙofa. Kafin Sarkin Ƙofa ya bar ku ku shiga, sai kun karanta wasiƙar da aka ba ku da ajami, kun gane hatimin da ke kanta, kun ƙirga kuɗin fito da wuri, kun san cewa keso ɗaya wuri 20,000 ne, kun faɗi wace unguwa masaukinku yake da ta wace hanya za ku bi. Yaron da ya yi gumi minti 60 a kan wannan, ya koyi ajami, ya koyi lissafin kakanninsa, ya haddace taswirar garinsu, ba tare da an ɗaga masa bulala ba. Kuma gobe shi zai ja abokansa su zo.

Ko a ɗauki majalisar taɗi da aka kafa a Bauchi a 1943, inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa ke zama suna muhawara a kan mulkin En'e da makomar Arewa, har abin ya fi ƙarfin masu mulki. Siyasar Arewa ta zamani a garin nan ta fara tatata. A shirya zaure da fitilar ƙwai da tabarmi da kujerun katako, a raba wa baƙi matsayi, wannan malamin makaranta, wannan ma'aikacin En'e, wannan jami'in Bature, a ba kowa hujjojinsa a takarda, a ce su kare. Ɗalibin da ya zauna a wannan zaure zai fahimci dalilin da ya sa hanyar Aminu Kano da ta Tafawa Balewa suka rabu fiye da wanda ya haddace shafi goma don jarrabawa.

Inda masu tsoro suke da gaskiya

Ba duk mai adawa ne maƙiyin ci gaba ba. Akwai dattawan da tsoronsu na gaskiya ne, domin sun ga yadda muke mayar da kowane taro wurin kiɗa da shashanci. Amsar tsoronsu ita ce doka mai tsauri, ba kwaɗo ba. Ga abin da nake ganin bai kamata a sassauta a kai ba.

Na farko, kabari da masallaci ba wurin wasa ba ne, ko da wasan na ilimi ne. Na kawo misalin hubbaren Firayim Minista ne don a ga dabarar tsari, ba don a ɓoye mabuɗi a gefen kabarinsa ba. Mutumin da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966 addu'a yake buƙata daga gare mu. Haka kabarin Malam Yakubu da na sauran sarakuna. Haka cikin gida inda iyali suke. Zaure, shigifa, tsohon ofis, tsohon aji, nan ne wurin aikin.

Na biyu, ba a kulle ɗan kowa da gaske. Ranar 4 ga Janairu, 2019, a garin Koshalin na ƙasar Folan, 'yan mata biyar 'yan shekara 15 sun je irin wannan wasa don murnar zagayowar ranar haihuwar ɗayarsu. Gobara ta tashi daga tukunyar gas, ƙofa kuma ba ta buɗuwa ta ciki. Dukansu suka rasu. Bayan nan ne hukumomin ƙasar suka bi ɗakunan wasan da bincike, suka rufe da dama. Mu ba sai mun jira namu ba. Kwaɗo na jikin akwati ne, ba na jikin ƙofar fita ba. Babu janareto kusa da azara, babu kyandir, babu garwashin turare. Fitila mai caji da hasken rana ta isa.

Na uku, kafin kowa ya shiga, sai magini ya duba. Ba mu manta da abin da ya faru a Zariya ranar 11 ga Agusta, 2023 ba, lokacin da wani sashe na tsohon masallacin Juma'a ya rufta ana sallar la'asar, rayuka suka salwanta. Allah Ya jiƙansu. Ginin ƙasa yana da rai, yana kuma da ciwo: gara na cin azara, indararo na toshewa, ruwa na kwanciya a rufi. A ƙayyade yawan masu shiga lokaci guda, a rufe idan damina ta yi tsanani, a sa maginin gargajiya da injiniya su duba tare duk shekara.

Na huɗu, gini ne ubangida, wasa bara ne. Ba a buga ƙusa ko ɗaya a bangon ƙasa. Ba a huda shi don jan waya. Ba a shafa masa fentin mai don ya yi kyau a hoto. Duk abin da aka shigo da shi, ya zama za a iya fitar da shi da yamma a bar ɗakin kamar ba a taɓa ba. Kayan tarihi na ainihi suna cikin gilashi, abin da hannu zai taɓa kwafi ne da masassaƙa da maƙera da dukawan garin nan za su yi. Ginin da ke cikin jerin ƙasa kuwa, dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta hana a sauya masa komai sai da izininta. A nemi izinin a rubuce.

Na biyar, labarin ya zama gaskiya, kuma kada ya tono tsohon miki. Ba ma buƙatar aljanu da fatalwa da taskar zinariya ta ƙarya irin ta fina-finai. Tarihinmu ya ishe mu. Amma a cikinsa akwai yaƙe-yaƙe, akwai bauta. An daɗe ana gwabzawa tsakanin Bauchi da Ningi a ƙarni na 19, yau kuwa jiha ɗaya muke, mun yi auratayya, muna aji ɗaya. Duk wasan da zai sa yaro ya fito yana kallon ɗan Ningi, ko Bajari, ko Basayi a matsayin abokin gaba, a binne shi tun a takarda. Ko a Amurka, da aka kwaikwayi gwanjon bayi a garin tarihi na Wiliyamsbag a 1994, sai da aka yi zanga-zanga. Akwai labarin da zama ake a ba da shi cikin natsuwa, ba a yin tseren agogo da shi. Don haka kowane labari ya bi ta hannun malaman tarihi da majalisar masarauta da dattawan al'ummar da abin ya shafa.

Maganar kuɗi

Wasu za su ce ai kasuwanci ake so a yi da gadon kakanni. E, kasuwanci ne, kuma ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne soron kakanka ya rufta saboda babu kuɗin yaɓe. Ginin ƙasa ba ya neman biliyoyi. Yana neman hannu duk shekara kafin ruwa ya sauka: a sake yaɓe, a gyara zankwaye, a buɗe indararo, a sauya azarar da ta ruɓe. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa yake tsaye. Tsohon garin Agadas na Nijar ya shiga jerin kayan tarihi na duniya a 2013, da ginin ƙasa irin namu. Mu kuwa muna jiran a ba da kwangila. Ku tuna Ƙofar Na'isa ta Kano, da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, aka mayar da ta zamani a wurinta. Wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta, ya san abin yi da nasa.

Shawarata ita ce a rubuta a yarjejeniya tun ranar farko cewa kashi ɗaya cikin uku na kowane tikiti na ginin ne, a asusu daban, a liƙa lissafinsa a bakin zaure duk wata yadda kowa zai gani. A ware rana ɗaya a mako ta 'yan makarantun gwamnati da na allo, su shiga kyauta. A ware lokacin mata da na iyali. Masu aikin su zama 'ya'yan unguwar. In ba a yi haka ba, wani mai kuɗi zai zo ya kama wurin, ya sa farashin da ɗan Jahun ba zai iya biya ba, tarihinsa ya koma na baƙi. Wannan ma wani kwaɗon ne.

Kasuwar kuma tana nan. Duk mai zuwa Yankari daga Abuja ko Jos ko Kano, ta garin nan yake ratsawa. Ya sha mai, ya sayi masa, ya wuce. Me muka tanada da zai tsayar da shi awa biyu?

Ga wa nake magana?

Iyayenmu masu riƙe da sarauta da masu tsofaffin gidaje, ranku ya daɗe, ba cewa muke ku miƙa wa yara mabuɗan fada ba. Zaure ɗaya muke roƙo, na gwaji, na wata shida, a ƙarƙashin idonku. In an saɓa sharaɗi ɗaya, ku karɓe mabuɗinku.

Malamanmu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na kwalejojin kimiyya da fasaha na garin nan, duk shekara ɗalibanku na zanen gine-gine da na kwamfuta suna rubuta kundin kammala karatu da ke ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura. Ku ba su wannan aikin: su auna tsohon gini, su zana shi, su zauna da magina, su tsara wasan.

Matasa, ku ma ku ji naku. Kada ku kwafo abin da kuka gani a YouTube ku manna a bangon kakanninku. Ku fara zama gaban tsofaffi da littafi da biro. Duk dattijon da ya rasu da labarin unguwarsa a ciki, wani soro ne ya faɗi wanda ba mai sake gina shi.

Mu kuma 'yan wannan ƙungiya, musamman na ƙetare da ke turo hotunan gidajen tarihin Landan da Istambul suna cewa ina ma a ce namu haka yake: su ma ba daga sama nasu ya faɗo ba. Kuɗin tabarmi, akwatuna, fitilu da yaɓen zaure ɗaya bai kai abin da muke kashewa a dinar biki guda ba. A sa maganar cikin ajandar taro mai zuwa, a naɗa mutum biyar, a ba su wa'adi, su dawo mana da sunan zaure da sunan mai shi da amsar da ya bayar.

Wanda bai yarda da ni ba, bismillah, ya kawo hujjarsa, za mu saurara da girmamawa. Amma ya haɗa da amsar tambaya ɗaya: in ba wannan ba, da me za a yaɓe waɗannan gine-gine kafin damina mai zuwa, kuma wa zai shige su bayan mu?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ja zamanin Sarki, Ya zaunar da Bauchi lafiya.